Yaya ake auna nisan girgijen da ba shi da haske?

Ƙanwata, tambayarki ta iso, kuma ta faranta mini rai ƙwarai. Kin ce a hutun watan Agusta motarku ta tsaya da daddare a hanyar Tamale, bayan kun wuce Kintampo, kuka sauko kuna jiran bakanike. Da kika ɗaga kai sai ga farin zanen nan ya ratsa sama daga kudu zuwa arewa, amma da wani baƙin layi a tsakiyarsa kamar tsagar kitso. Malaminku na fiziks ya ce miki ƙura ce. Abin da ya tsaya miki a rai shi ne: in da haske ake gane nisan tauraro, to abin da ba ya fitar da haske ko kaɗan, da me ake auna nisansa?

Ba girgijen ake aunawa ba. Taurarin da ke gabansa da waɗanda ke bayansa ake aunawa, sai a matse shi a tsakaninsu.

Ki ɗauka kina tsaye a bakin wani dogon titi miƙaƙƙe a Aboabo bayan isha'i, fitilun hanya a jere har inda idonki ya ƙare. Can tsakiya wani ya cinna wa bola wuta. Hayaƙin ba kya ganinsa saboda dare. Amma fitila ta farko har zuwa ta bakwai farare ne tas, daga ta takwas kuwa duk sun dushe sun yi ja-ja. Ba sai an gaya miki ba, kin san hayaƙin yana tsakanin ta bakwai da ta takwas. In kin san tazarar da ke tsakanin turakun fitilun, kin san nisan hayaƙin ke nan. Duk dabarun da zan kawo miki, ban da biyu ko uku na ƙarshe, wannan ne tushensu. Wahalar kawai ita ce fitilun sama ba a jere suke ba, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma babu wanda ya bi da awo ya auna turakunsu. Gyara waɗannan matsaloli uku shi ya ci wa masana shekara ɗari.

Farin zanen da kika gani damin taurarinmu ne, wanda malamai ke kira Majarra, Larabawa kuma suna ce masa Darbut Tabbana, wato hanyar masu ɗaukar ƙaiƙayi. Siffarsa kamar faifai, faɗinsa wajen shekarar haske 100,000, rana kuma tana cikin faifan, shi ya sa muke ganinsa ta gefe kamar layi. Shekarar haske ɗaya ita ce tafiyar da haske ke yi a shekara guda, kusan kilomita tiriliyan 9.5. A cikin wannan faifan akwai giza-gizan iska masu tsananin sanyi, wajen digiri 260 ƙasa da daskarewar ruwa. Mafi yawan nauyinsu haidurojin ne. Ƙurar da ke tare haske kashi ɗaya cikin ɗari ce kawai, 'yan mitsi-mitsin dutse da na gawayi, wasu lulluɓe da ƙanƙara, yawancinsu ba su kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba.

Mu a Kumasi da an ce ƙura sai hazon hunturu ya faɗo mana a rai, wanda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Kwatancen yana da amfani, amma ki lura da wani abu in Disamba ta zo. Hazo yakan mai da rana fara fat kamar tire, har ki iya kallonta. Hayaƙin ƙunar daji shi ke mai da ita ja. Dalili kuwa ƙwayar hazo tana da ɗan girma, tana tare kowane launi kusan daidai, ta hayaƙi kuwa ƙarama ce sosai, ta fi watsar da shuɗi ta bar ja ya wuce. Ƙurar sararin samaniya ta fi kama da hayaƙi, kuma wannan halin nata shi ne ya ba mu maganin auna ta.

Kada ki zaci girgijen yana da kauri irin wanda muka sani. A tsakiyarsa inda ya fi cunkushewa, ɗan akwati mai santimita ɗaya kowane gefe yana ɗauke da ƙwayoyin iska dubu goma zuwa dubu ɗari. Iskar da kike shaƙa yanzu tana da biliyan sau biliyan 25 a irin wannan akwatin. Tsawo ne ya sa shi duhu. Ko a hunturu ai kina ganin gidan maƙwabta sarai, hasumiyar masallacin da ke can nesa ce ke ɓacewa. Haske ya yi tafiyar shekaru a cikin wannan siririn hayaƙi, sai ya ƙare a hanya.

Kafin a yi maganar nisa, sai da aka sha gardama a kan ko akwai wani abu a wurin ma. A shekarun 1780 William Herschel ya hangi wani baƙin wuri kusa da taurarin Kunama ya ɗauka rami ne a sama, wato wurin da babu taurari. An daɗe a kan wannan fahimta. Abin da ya raunana ta shi ne, kafin rami ya bayyana haka, dole ya zama dogon kogo da ya huda taurari na tsawon dubban shekarun haske, kuma bakinsa ya saitu da idonmu daidai. Ɗaya zai iya faruwa, amma ɗaruruwa? Edward Barnard na Amurka, wanda ya kwashe shekaru yana ɗaukar hotunan Majarra, a hankali ya gamsu cewa abubuwa ne masu tare haske, ya fitar da jerin guda 182 a 1919. A 1930 Robert Trumpler ya nuna cewa ba a baƙaƙen wuraren nan kaɗai ƙurar take ba, ta bazu ko'ina a cikin faifan: ya kwatanta faɗin gungun taurari da haskensu, ya ga na nesa sun fi dushewa fiye da yadda nisa kaɗai zai sa. A 1962 wata masaniya, Beverly Lynds, ta tsara jerin giza-gizai 1,802, har yau da lambobinta ake kiran da yawansu.

Dabara ta farko ƙirga ce zalla. Max Wolf na Haidelbag a Jamus ya tsara ta a 1923. A ɗauki fili biyu masu faɗi ɗaya a hoto, ɗaya a kan girgijen, ɗaya a gefensa inda sama take a buɗe. A raba taurari aji-aji bisa haskensu, a ƙirga na kowane aji a filayen biyu. A ajin masu haske sosai adadin yakan zo ɗaya, domin galibinsu na kusa ne, suna gaban girgijen. Ana sauka zuwa masu rauni, sai a iso ajin da filin girgijen ya fara yin ƙasa. Wannan ajin shi ke nuna inda girgijen ya fara, girman giɓin kuma ya nuna yawan hasken da ya cinye. Dabara ce mai kyau, ina kuma son koya wa ɗalibai ita domin ba ta buƙatar komai sai hoto da haƙuri. Sai dai tana da rauni babba. Tauraro mai raunin haske zai iya zama ƙarami ne a kusa, ko ƙato ne a nesa. Bambancin da ke tsakanin taurari ya wuce wanda ke tsakanin aci-balbal da fitilun filin wasa na Baba Yara. Saboda haka iyakar ba ta fita tsaf, sai ta dagule, amsar ta zama kirdado mai faɗi.

Akwai 'yar uwar wannan dabara ga girgijen da ya toshe komai. In babu hasken da ke ratsa shi, duk tauraron da kika gani a kansa to a gabansa yake. An san kimanin yawan taurari a unguwar rana, don haka da yawan na gaba ake kintatar nisa: da yawa, girgijen na nesa, kaɗan, yana kusa. Akwai wani ɗan ƙulli mai suna Barnard 68, irin waɗanda Bart Bok ya ja hankalin masana a kansu a 1947. A hoto baƙi ne ƙirin, ko tauraro ɗaya babu a fuskarsa, alhali gefensa taurari ne kamar an watsa gero. Wannan kaɗai ya isa a san maƙwabcinmu ne, masana kuma sun ajiye shi tsakanin shekarar haske 400 da 500.

Dabara ta biyu launi ce, kuma a nan aikin ya fara kama hanya. In aka ratsa hasken tauraro ta gilashin da ke warware shi zuwa launukan bakan gizo, akan ga wasu siraran baƙaƙen layuka a ciki. Tsarin layukan nan yana nuna zafin tauraron da irinsa, kuma ƙura ba ta canza su, kamar yadda tsagen fuska ke nuna asalin mutum ko da ƙurar tafiya ta buɗe shi. Da an san irin tauraron, an san launin da ya kamata ya kasance da shi da ainihin ƙarfin haskensa. In layukan sun ce shuɗi ne mai zafi, ido kuma ya gan shi ruwan goro, to bambancin nan aikin ƙura ne. Daga yawan jan da ya yi ake lissafa yawan hasken da aka cinye masa. A yawancin sassan damin, a ma'aunin da masana ke amfani da shi, dushewar takan ninka jan sau 3.1, amma a cikin girgije mai kauri inda ƙwayoyin suka manne da juna suka ƙara girma, adadin yakan haura zuwa wajen 5. Wanda ya manta da wannan zai fito da amsa gurguwa. In an mayar wa tauraro hasken da aka cinye masa a lissafi, sai a sami nisansa na gaskiya.

Yanzu ki yi wa taurari ɗari haka a fuska ɗaya ta sama, ki zana sakamakon a takarda: nisa a kwance, yawan ja a tsaye. Ɗigogin za su tafi a ƙasa a shimfiɗe, sai kwatsam su yi tsalle sama kamar matakala. Inda matakalar take, nan girgijen yake. In akwai girgije biyu, ɗaya bayan ɗaya, matakala biyu za ki gani. Fitilun Aboabo ne suka dawo, amma yanzu kowace fitila mun san irin ƙwanta.

Saura auna turakun kai tsaye, ba tare da jingina da hasken tauraro ba. Miƙa hannunki ki ɗaga babban yatsa, ki rufe ido ɗaya, sannan ki sauya. Yatsan zai goce a kan bangon da ke bayansa. Ki matso da shi kusa da hanci, gocewar za ta ƙaru. Masana suna yin haka da duniya kanta: a duba tauraro yau, a sake dubawa bayan wata shida lokacin da duniya ta koma ɗaya gefen rana, tazarar kilomita miliyan 300 ke nan tsakanin idon farko da na biyu. Ana kiran wannan gocewa faralaks. Friedrich Bessel ne ya fara auna ta da tabbaci a 1838. Lissafinta mai sauƙi ne, tun da ke 'yar ajin kimiyya ce. Digiri ɗaya ana raba shi gida 3,600, kowane gida sunansa daƙiƙar kwana. Tauraron da rabin gocewarsa ta kai daƙiƙar kwana ɗaya, nisansa shekarar haske 3.26 ne. In rabin gocewar ta zama 0.007, sai ki raba 3.26 da 0.007, ki sami wajen 465. Kusan nisan girgijen burjin Sauru, wato burjin Bijimi, ke nan, wanda ke kusa da Kaza da 'ya'yanta a sama. Don ki san ƙanƙantar kwanar da ake aunawa, daidai take da a ajiye kwabo mai faɗin santimita 2 a Bolgatanga, mutum ya tsaya a Akra ya auna faɗinsa.

Daga ƙasa iska tana girgiza hoton tauraro, shi ya sa aka kai aikin sama. Kumbon Hipparcos ya auna taurari wajen 118,000 tsakanin 1989 da 1993. Sai Gaia, na hukumar sararin samaniya ta Turai, wanda aka harba ranar 19 ga Disamba 2013, ya zauna kilomita miliyan 1.5 daga duniya yana ta auna sama har zuwa Janairun 2025. A 2018 aka saki awon faralaks na taurari biliyan 1.3 a lokaci guda. Ban san yadda zan kwatanta miki abin da wannan ya yi wa fannin ba, sai dai in ce kamar mutumin da ya saba auna gona da taku ne aka miƙa masa na'urar safiyo. Da aka haɗa awon Gaia da launukan taurari daga wasu manyan ayyukan ɗaukar hoton sama, aka bar kwamfuta ta nemo matakala a kowace fuska, sai aka sami taswirar ƙura mai zurfi, ba shimfiɗaɗɗiya ba. Giza-gizan kusa yanzu an san nisansu da kuskuren da ke wajen kashi 5 cikin ɗari.

Ko mafi kyawun ma'auni sai an gwada shi da wani. Hipparcos ya ba Kaza da 'ya'yanta nisan shekarar haske wajen 390, sauran hanyoyi suna cewa 440. An kwashe shekaru ana ja-in-ja, har a 2014 awon rediyo ya tabbatar da wajen 444, Gaia ma ya zo ya goyi bayan haka.

Wani abu da taswirar nan ta koya mana, wanda ni ya fi burge ni, shi ne tambayar kanta tana buƙatar gyara. Muna cewa "nisan girgije" kamar bango ne a tsaye. Babban girgijen da ke burjin Oriyon, inda ake haifar taurari da yawa, an daɗe ana ba shi lamba guda. A 2018 aka gano cewa kansa yana wajen shekarar haske 1,300, wutsiyarsa kuma ta miƙe can baya har wajen 1,500, tsawonsa ya ninka yadda muke gani sau biyu, domin a karkace muke kallonsa, kamar mai kallon doguwar mota ta goshi. A 2020 kuma aka gano cewa giza-gizan Oriyon da Sauru da wasu da dama duk a kan igiya ɗaya suke, mai tsawon shekarar haske wajen 9,000, tana hawa tana sauka ta cikin faifan kamar tafiyar maciji. Duk shekarun nan tana gabanmu, rashin awon nisa ne ya ɓoye ta.

Gaia da idon mutum haske iri ɗaya suke gani, don haka inda ƙura ta yi yawa shi ma makaho ne. Daga tsakiyar damin, mai nisan shekarar haske wajen 26,000, cikin ƙwayoyin haske tiriliyan ɗaya da suka taso, kusan guda ɗaya ce ke iso mana. Hasken da ke bayan ja, wanda ido ba ya gani, wato infared, ya fi iya ratsawa: a wani zangonsa kusan ɗaya cikin goma yana isowa. Da shi aka leƙa bayan Barnard 68 aka ga dubban taurarin da ya ɓoye, kuma ana yin wasan matakalar nan da shi zuwa nesa. Amma akwai giza-gizan da ko a infared duhu suke. Waɗannan sai rediyo.

Girgijen da ido ke ganinsa baƙi, a rediyo yana magana. Haidurojin mai sanyi shiru yake, amma a gauraye da shi akwai kabon monoksaid, iskar nan da ke kashe mutum in ya kwana da kurfoti ko janareto a rufaffen ɗaki. Tana fitar da igiyar rediyo mai tsawon milimita 2.6, an fara jin ta daga sama a 1970. Kin san yadda jiniyar motar asibiti ke yin siriri in tana tahowa, ta yi kauri in ta wuce. Igiyar girgije ma haka take, don haka daga sautinta ake sanin saurin da yake tahowa ko yake gudu daga gare mu. Shi kuma damin juyawa yake. Rana tana gudun wajen kilomita 230 a daƙiƙa, tana kammala zagaye ɗaya a sama da shekara miliyan 200. Wanda ya taɓa kallon ɗawafi ya san na kusa da Ka'aba suna riga na nesa kammala zagaye. Tun da an san tsarin juyawar, saurin girgije yana nuna da'irar da yake kai, fuskar da muke kallo kuma ta nuna inda yake a kan da'irar.

A nan gizo ke saƙa. In kina kallon cikin damin, layin ganinki yana ratsa kowace da'ira sau biyu, wurin shiga da wurin fita, kuma a wuraren biyu saurin da za ki auna ɗaya ne. Lissafi zai ba ki amsa biyu, ta kusa da ta nesa, bambancinsu na iya kai dubban shekarun haske. Ana raba gardamar da igiyar haidurojin mai santimita 21: girgijen kusa yana da iska mai ɗumi a bayansa mai irin saurinsa, sai ya tsotse igiyarta ya bar alamar duhu, na nesa kuwa ba shi da irin wannan a baya. Ban da haka, dabarar ba ta aiki in an fuskanci tsakiyar damin kai tsaye ko aka juya mata baya, domin a can komai a gicciye yake tafiya. Ba ta aiki ga giza-gizan kusa, domin 'yar kai-komonsu ta kansu ta fi abin da ake son aunawa. Kuma ba kowane girgije ke bin layi ba. Hannayen damin suna fizgar su.

Ga misalin da nake so ki riƙe. Wani wurin haihuwar taurari mai suna W3(OH), lissafin juyawa ya ajiye shi wajen shekarar haske 14,000. A 2006 aka auna shi da faralaks, ya fito 6,400. Kuskuren bai tsaya a nisa ba. Faɗin da ake lissafa wa girgije yana bin nisansa, nauyinsa kuwa da hasken taurarin da ke cikinsa suna bin nisan sau kansa. In kin ninka nisa sau biyu bisa kuskure, kin ninka nauyi sau huɗu. Da nauyin nan ake yanke hukunci ko girgije zai rufta ya haifi taurari ko zai watse. Shi ya sa nake roƙonki, duk inda kika ga an rubuta nisan girgije, ki nemi sanin da wace hanya aka auna, da kuma girman kuskuren da masu awon suka amsa. Lambar da ta fito daga juyawar dami da wadda ta fito daga faralaks ba darajarsu ɗaya ba, ko da an rubuta su a layi ɗaya.

To ta yaya aka yi faralaks a wurin da ƙura ta rufe? A cikin irin waɗannan giza-gizai, kusa da jariran taurari, akwai wasu ƙananan ɗigogi masu tsananin ƙarfi a rediyo, ana ce musu meza, 'yan uwan leza ne, sai dai su ba mutum ya ƙera su ba, tururin ruwa ko na metanol ke haifar da su. Ƙura ba ta tare su. In aka haɗa faya-fayan rediyo da ke nesa da juna, kowanne ya naɗi igiyar tare da agogo mai tsananin daidaito, sannan a gwama bayanan, sai su zama kamar ido ɗaya mai faɗin tazarar da ke tsakaninsu. Amurka tana da jerin faya-fayai 10, daga tsibirin Hawai zuwa tekun Karibiyan, tazarar kilomita wajen 8,600. Da su a 2017 aka auna wani wuri a can ɗaya gefen damin, bayan tsakiyarsa, mai nisan shekarar haske wajen 66,000. Wannan ita ce hanyar da na fi amincewa da ita. Aibinta kawai sai girgijen da ya riga ya fara haihuwa, kuma kowane awo yana cin shekara ko fiye.

A nan ne Ghana ta shigo. A Kuntunse, arewa da Akra a hanyar Nsawam, akwai faifai mai faɗin mita 32 wanda da can na sadarwar tauraron ɗan'adam ne. Injiniyoyin Ghana da na Afirka ta Kudu suka mai da shi na'urar sauraren sama, aka ƙaddamar da shi a watan Agustan 2017. A gwajinsa na farko ya ji mezar metanol, kuma an haɗa shi da faya-fayan Turai an sami daidaito. Darajarsa a mazauninsa take: tsakanin Turai da Afirka ta Kudu akwai babban giɓi da babu irin wannan faifai, kuma daga kusa da tsakiyar duniya ana ganin saman arewa da na kudu duka. In kin ci gaba da fiziks, ƙanwata, irin aikin da kike tambaya a kansa ana iya koyonsa ba tare da an ƙetare teku ba, kuma ina fatan ganin 'ya'yan zango a wurin.

Akwai hanya guda da ba a shirya mata, sai in ta zo. Ranar 9 ga Oktoba 2022 hasken wata gagarumar fashewa ya iso mana daga wani dami mai nisan shekarar haske kusan biliyan 2, ya kuwa biyo ta cikin faifan daminmu. Hasken eksire da ya zo kai tsaye ya riga isowa. Wanda ya bugi ƙura ya karkato ya makara, kamar amsa-kuwwa daga dutse, sai ya bayyana a matsayin zobe mai faɗaɗa kewaye da wurin fashewar. Girgijen kusa yana ba da babban zobe, na nesa ƙarami. Daga faɗin zoben da tsawon jinkirin, nisa yana fita da lissafin kwana kawai. An ga zobba wajen ashirin, daga giza-gizai masu nisan shekarar haske 700 har zuwa 61,000.

Baƙin layin da kika gani a hanyar Tamale ba girgije ɗaya ba ne. Jerin giza-gizai ne da suka haɗu a idonki. Na can kudu, kusa da jan tauraron da ke ƙirjin Kunama, wajen shekarar haske 450 suke, hasken da ya gifta gefensu ya shiga idonki a daren nan ya baro can tun kafin Osei Tutu ya haɗa kan Asante. In kin hau sama zuwa tsakiyar layin akwai masu nisan wajen 1,400. Can arewa kuma akwai na 2,600, a bayansu wasu na 4,600.

In kina son gwadawa da kanki, ki jira Afrilu ko Mayu, daren da babu wata, bayan ruwan sama ya wanke iska. A cikin Kumasi fitilu ba za su bari ba, sai kin fita wajen gari, kamar ƙauyukan da ke kan tudun tafkin Bosomtwe, tare da wani babba daga gida. Ki fuskanci kudu tsakanin ƙarfe tara da sha ɗaya. Ki miƙa hannu ki ɗora dunƙule biyu zuwa uku daga inda sama ta haɗu da ƙasa, za ki ga taurari huɗu masu siffar gicciye. A gefensu na hagu ta ƙasa akwai wani baƙin tabo da ake kira Buhun Gawayi, nisansa wajen shekarar haske 600. In kin sami aron madubin hangen nesa na hannu, ki ƙirga taurarin da ke cikin tabon, masu haske daban, masu rauni daban, sannan ki matsa gefe inda Majarra take fari ki sake ƙirgawa a fili mai faɗi ɗaya. Ki rubuta lambobin huɗu ki aiko mini, mu zana su tare.